Waƙar Dakan Inna a Kan Kamanja

Innarmu ta rasu ba ta bar mana gida ko gwal ba. Abin da ta bari turmi ne da taɓarya biyu, sai waƙar da take yi in tana daka. Turmin ya tsage tun da daɗewa, taɓaren kuma sun ɓace a wajen ƙaura daga unguwar Ammariyya zuwa ta Waziriyya. Waƙar ce na ɗauka gadona, kuma duk dangi sun san haka. In ana hira aka taɓo Inna, sai a nuno ni a ce ai waƙarta tana wurin wance. Ni kuma in gyara zama in gyaɗa kai, kamar wadda aka ba ajiyar makullin Ka'aba.

Inna tana yarinya ta baro ƙasar Hausa da mahaifinta, a ƙafa, suka bi ta Chadi da Sudan har suka tsallako teku. Ba ta taɓa komawa ba. A nan Jidda ta yi aure, a nan ta haife mu ni da yayana. Sana'arta fura, kuma ba ta yarda da injin niƙa ba har ta koma ga Allah. Kullum da hantsi ita da aminiyarta, wadda muke kira Iya, za su fito da turmi lungun bayan gida su yi ta lugude, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. A cikin waƙar Inna tana kiran mutanenta da ta baro ɗaya bayan ɗaya: mahaifiyarta, yayyenta mata, ƙanenta da aka bari a goye, rijiyar ƙofar gidansu, garuruwan da suka kwana a hanya. Duk ta kai ƙarshen baiti sai a amsa mata da "Taka a hankali, ruwa na gaba." Abin da mahaifinta yake gaya mata ke nan in ta yi kukan ƙishirwa a tafiyar. Ni ina gefe da rariya ina tankaɗe, ni da Iya muke amshi.

Ba mu da hoton ko mutum ɗaya daga cikin mutanen nan, ba mu taɓa taka garin ba. Sunayensu a waƙar kaɗai suke. Shi ya sa nake cewa muddin ina numfashi, dangin Inna ba su ɓace ba.

Yayana yana da 'ya mace guda, haifaffiyar nan kamar mu, sai dai ita harshenta ya riga ya karkata. Ka yi mata Hausa ta ji sarai, ta mayar maka da Larabci. In ta matsa wa kanta ta yi Hausar, sai ka ji kamar tana taka ƙaya. A 'yan shekarun nan da aka buɗe wuraren koyon kiɗa a gari, yarinyar nan ta ɗauko kamanja. Ga wanda bai sani ba, kamanja 'yar'uwar kukumar ƙasarmu ce, amma tsirkiyarta huɗu, kuma a ƙarƙashin haɓa ake maƙale ta. Ubanta ya yi ta gunaguni, wai a zuriyarmu ba maroƙi. Ni na tsaya mata. Na ce masa uwarmu ma da waƙa ta ciyar da mu, don ba don waƙar ba da hannunta bai jure taɓarya ba. Ya ƙyale ta, don ya san bakina.

Ni tela ce, a ɗakina nake ɗinki, yawanci rage tsawon abaya da gyaran kayan amare. Wata rana da la'asar yarinyar ta shigo, ta ajiye wayarta a kan keken ɗinki, ta ce in yi mata waƙar Sitti, wato kakarta. Ina da aiki a gabana, saboda haka ban ma tsaya ba. Ƙafata na kan keke, allurai a bakina, na rera mata ita tun daga farko har ƙarshe. Da na gama ta dube ni wani iri, ta ce, "Halas, Gwaggo? Ita ke nan?" Na ce ita ke nan mana, ko so take in ƙara mata da tawa? Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce in sake, wannan karon in ajiye ɗinkin. Na sake, ina ɗan tsaki, don na tsani a sa ni maimaita abu. Ta kuma yi mini tambayar nan, na kuma ba ta amsar nan.

A ranar ce ta yi ƙoƙarin yi mini bayanin abin da take shiryawa. Wai akwai wani salon waƙa da marubuta suke yi yanzu: mutum ya ɗauki shafi cike da rubutun wani, ya bi shi da baƙin alƙalami ya shafe yawancin kalmomin, 'yan waɗanda suka tsira su ne waƙar. Wai ita da ƙawarta mai kaɗa piyano suna so su yi irin wannan da sauti. Na ce mata a zamaninmu wannan ɓarna ake kiransa, kuma bulala ake sha a kai. Ta yi dariya, ni ma na yi. Gaskiya ban saurare ta da kyau ba. Abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne za a kaɗa waƙar Inna a Balad, tsohon cikin garin Jidda, a gaban mutane.

Daga nan fa bakina bai huta ba. Duk matar da ta kawo ɗinki sai ta ji labari. Na kira tsofaffin maƙwabtanmu na Ammariyya da suka warwatsu a gari, waɗanda suka sha furar Inna suna yara, na ce su zo su ji abin da suka daɗe ba su ji ba. Na ɗinka wa kaina sabuwar riga, na ɗinka wa yarinyar. Iya ce kaɗai ban ɗauko ba, don tana can unguwar Mahjar wurin jikokinta, gwiwoyinta ba sa hawa mota sai dole.

An yi abin bayan magariba, a ɗaya daga tsofaffin gidajen Balad masu tagogin katako, waɗanda aka gyara ake taro a ciki. Ɗakin ƙarami ne, kujeru a jere, Larabawa da 'yan Turawa kaɗan suna zaune shiru kamar ana jiran liman. Sai ga mu mun shigo, mata reras, turaren wuta na tashi daga jikinmu, muna gaisawa da ƙarfi, ana tambayar yara da jikoki. Aka yi ta waiwayen mu. Ban damu ba, na ce a raina ai waƙar tamu ce, su ne baƙi.

A bangon da ke bayan makaɗan an haska wani shafi. Na gane Hausa ce da haruffan Larabci, don yarinyar da su kaɗai ta iya rubutu. Amma shafin duk baƙaƙen layuka ne, sai kalma ɗaya nan, biyu can, kamar zanen da ɓera ya kwana a kai. Na dai ce ƙila ado ne.

Ƙawar tata, wata doguwar yarinya 'yar Sham, ta zauna gaban piyano ta fara da can ƙasa-ƙasa, hannun hagu ya sauka, na dama ya biyo. Tsikar jikina ta tashi. Lugude ne, wallahi, taɓaryar Inna da ta Iya, har da ɗan jinkirin nan da Iya take yi in ta gyara riƙo. Sai 'yar yayana ta ɗaga kamanja ta ja, amshin ya fito sak, taka a hankali, ruwa na gaba. Matar da ke damana ta dafa cinyata. Ta bayana na ji tana gyara murya, na san guɗa take shiryawa. Idona ya ciko, na ce yau Inna ta shigo Balad.

Kamanja ta ɗauko baitin Inna na farko, wanda take kiran mahaifiyarta. Ta ɗan ja kaɗan, sai ta tsaya cak. Hannun yarinyar yana sama da sandar izgar, bai sauko ba. Piyano yana ta daka shi kaɗai. Na zaci tsirkiya ce ta tsinke. Na leƙa, duk suna nan. Can sai ta sauko da hannu, amshi ya dawo lafiya lau. Na sauke ajiyar zuciya. Baiti na biyu, ta fara, ta kuma tsayawa. Ta damana ta raɗa mini, "Ta manta ne?"

Abin da ni ma na ɗauka ke nan, kuma kunya ta lulluɓe ni daga kai har ƙafa. Ina layin gaba, tsakanina da ita bai fi a miƙa hannu ba. Na ce bari in ɗora ta a hanya kamar yadda ake yi wa yaro in ya kakare a hadda. Da baiti na uku ya zo ta tsaya, na sunkuya gaba, na buɗe baki zan raɗa mata sunan babbar yayar Inna. Ba abin da ya fito sai wani gunji ta hanci. Na sake gwadawa, haka. Na koma na jingina, na ce ruɗewa ce, da sanyin na'urar ɗakin, da idon mutane. Ban ba abin wani muhimmanci ba, don haushi ya riga ya fara cina.

Don zuwa lokacin na gane ba mantuwa ba ce. Yarinyar ba ta ruɗe ba, idonta a rufe, fuskarta a natse, kuma ita da mai piyano suna komawa tare ba tare da sun dubi juna ba. Da gangan take yi. Bayanin nan na shafe rubutu ya dawo mini. Wato waƙar uwata ta ɗauka ta bi da baƙin alƙalami, ta shafe uwar kakarta da yayyen kakarta da garuruwansu, don Larabawa da Turawa su ce ta iya zamani. Kuma ni na ba ta, ni na tara mata mutane. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Haka na zauna ina tafasa, ana amshi ana shiru, har a ƙarshe piyanon ma ya daina, aka bar ɗakin tsit na wani lokaci mai tsawo kafin ta sauke kamanjar.

Aka yi ta tafi. Na ga wata Balarabiya tana share hawaye, na ce ke kuma kukan me kike yi, uwarki aka yanka? Matanmu suka tafa don kara. Mai guɗa ta haɗiye abarta. Ɗaya ta ce mini Allah ya ƙara basira, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Ban jira an watse ba. Na bi yarinyar wani ɗan ɗaki a baya inda take mayar da kamanja cikin akwatinta. Ta juyo tana murmushi, ta buɗe hannu za ta rungume ni. Na ce ta tsaya inda take. Abin da na gaya mata ba zan maimaita shi duka ba. Na ce na ba ta amana ta yi wasa da ita. Na ce wanda bai iya kiran sunan kakanninsa da harshensu ba, ba shi da hurumin shafe su. Na ce ubanta ya fi ni gaskiya tun farko. Mai piyano ta sulale ta fita.

Yarinyar ta tsaya tana kallona, hawaye na zuba, ba ta katse ni ba har na gaji. Sannan ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Wallahi ya Gwaggo ban shafe komai ba. Na yi niyya, bas ban samu abin da zan shafe ba. Yadda kika ba ni, haka na kaɗa."

Ta ciro waya ta danna, ta miƙo mini. Na ji ƙarar kekena, na ji muryata tana amshi, kowace kalma tsaf. Sai baitin farko. Na ji kaina na fara shi, kalma biyu ko uku, daga nan sai mmm, mmm, ina bin karin waƙar ta hanci har amshi ya dawo. Baiti na biyu haka. Na uku haka. Na ce mata ai allurai ne a bakina ranar. Ta danna na biyun, wanda na yi hannuna a kan cinya, bakina ba komai. Wuraren nan dai, ba ƙari ba ragi. Duk inda suna yake, gunji ne.

Na nemi kujera na zauna. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da Inna ta cika. Na rufe ido na kira waƙar a cikin kaina, ta zo cikakkiya kamar kullum, da muryar Inna, da ɗan dusashewar da take yi in ta kai kan ƙanenta. Muryar tana nan. Da na matsa in kama kalmomin in fito da su baki, sai in tarar ba komai a hannuna. Ashe duk shekarun nan muryar nake ji, nake zaton waƙar ce. Ni amshi aka ba ni tun ina tankaɗe, amshi na iya, kuma ban taɓa zama na ce Inna ta faɗa mini baitocin a hankali ba, don ina ganin abin da kake ji kullum ba ya ɓacewa.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tun ranar farko. Ta ce ta tambaye ni sau biyu ko ita ke nan, na ce ita ke nan. Da farko ta zaci Hausarta ce ta gaza, ta yi ta maimaita sauraro. Daga baya ta zaci ɓoye sunayen nake yi don suna sa ni kuka. Da ta fara zargin gaskiyar kuwa, ta rasa ta inda yarinya za ta ce wa gwaggonta ta manta uwarta. Sai ta auna tsawon kowane gunji nawa, ta bar wurinsa shiru daidai da shi, don in an samu mai cikewa ya tarar da wurin a buɗe.

Wannan maganar ce ta dawo mini da numfashi. Na ce ai akwai mai cikewa, Iya tana nan da ranta, kuma kanta garau yake. Ta yi daka da Inna tun kafin a haife ni. Na ce gobe da safe ta zo da mota mu je Mahjar, ta taho da wayar.

Mun same ta a kan gado ta jingina da matashi, carbi a hannu, an ajiye mata shayi da na'ana'a. Ta gane ni tun daga sallama, ta zage ni a kan daɗewa ban zo ba, ta ja yarinyar ta shafa fuskarta ta ce hancin Inna ne sak. Muka gaisa yadda ya kamata, aka tambayi kowa da kowa. Ni dai zuciyata na gaba. Da na samu sarari na matsa kusa na ce, Iya, waƙar dakan Inna na zo ki faɗa mini, baiti-baiti, yarinyar nan za ta ɗauka.

Ta ajiye carbin. Ta dube ni har na tsargu.

"Ni zan faɗa miki? 'Yar nan, ba tana wurinki ba?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Inna lillahi. Ni ai 'yar amshi ce kamar ke. Uwarki ce mai bayarwa. Mutanenta ne, ni garinmu daban, a bakin teku muka haɗu muna jiran jirgi. Ko a watan jiya na ce wa jikokina in suna son waƙar su je wurinki. Ni na saki jiki ne don na san kina riƙe da ita."

Na ce ni ma jiya da na gano, ita na tuna na saki jiki. Muka zauna muna kallon juna, tsohuwa da mai bin bayanta, kowacce ta ajiye kayanta a ɗakin da ba kowa. Iya ta fara lissafa waɗanda suka zauna a lungun nan da za a iya tambaya, duk wadda ta ambata sai ta bi ta da Allah ya jiƙanta. Ta daina da kanta.

Can ta ce ƙila in hannu ya motsa baki zai tuna, don waƙar daka ba a zaune ake yinta ba. Ta sa aka miƙo mata sandarta, ta fara buga ƙasa da ita. Na cire takalmina na riƙa bugawa a tsakanin bugunta, muka haɗa lugude. Yarinyar ta kunna waya ta ajiye a bakin gado, ta koma jikin ƙofa ta tsaya.

Muka yi amshi tare, muryar Iya na rawa. Muka yi shiru muna jiran Inna ta bayar, sanda da takalmi suna ta sauka. Ba mu dubi juna ba, amma muka sake shiga a lokaci guda, daidai inda kamanja ta shiga jiya. Taka a hankali, ruwa na gaba. Muka sake yin shiru, wannan ya fi tsawo, don baitin ƙanenta ne, kuma mu duka mun san ya fi tsawo.

Haka muka yi ta zagayawa har aka kira azahar a masallacin unguwar. Shayin Iya ya huce ba ta sha ba. Suna ko ɗaya bai dawo ba.